Ƙaramar ɓarna a gidan haya: a nemi diyyar inshora ko a gyara da aljihu?

Iskar farkon damina a Maradi ba ta tambayar izini. Ta ɗage kwano biyu a gidan da ka ba haya a unguwar Zariya, ruwa ya zubo ya ɓata silin da fentin ɗaki, ɗan haya ya kira ka tun da asuba. Kana da inshorar gida. Sai ka tsaya ka yi lissafi kafin ka ɗauki waya.

Fara da takardar yarjejeniyarka, ka nemi kason da aka rubuta cewa kai za ka ɗauka a kowace ɓarna kafin kamfani ya sa hannu. A ce gyaran kwano da silin zai ci jikka 70, kason naka jikka 50. Abin da za ka karɓa jikka 20 ne, kuma ba lallai ya cika ba, domin mai kimanta ɓarna yakan rage kuɗin tsufan kaya: kwanon shekara 10 ba a biyan sa kuɗin sabo. Ga zirga-zirgar takardu, ga jiran mai kimantawa, ɗan haya kuwa yana kwana da bokiti a tsakiyar ɗaki. A irin wannan, ni dai sai in ce a kira kafinta a biya, a wuce wurin.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika dubawa ba. Dokar inshora ta CIMA (ƙungiyar da ke kula da harkar inshora), wadda Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka tun yarjejeniyar Yawunde ta 1992, ta yarda kamfani ya soke kwangila bayan ɓarna idan an rubuta hakan a cikinta, da sanarwar wata guda. Mai gidan da ke kai ƙorafi kan kowane gilashi da kowane famfo yana iya wayar gari kamfani ya ƙi sabunta masa, ko ya ƙara masa kuɗi, daidai lokacin da babbar asara ke tafe.

Hanya ta uku ita ce ɗan haya. Ƙyauren da yara suka karya, ko tiyon da aka fasa da sakaci, na mai zama ne, kuma kuɗin ajiyar da ya bayar ranar shiga dama don haka aka karɓe su. Amma iska da ruwan sama ba laifinsa ba ne, kar a ɗora masa.

Inda nake ja da masu cewa "ƙaramin abu ne, a yi shiru" shi ne ɓarnar da ke ɓoye babba. Bangon da ya tsage bayan ruwa, wayar lantarki da ta yi baƙi a cikin bango, danshi da ke hawowa daga tushe. Waɗannan a sanar da kamfani a rubuce, ko da ba za a nemi diyya yanzu ba. Doka ta ce wa'adin sanarwa ba zai gaza kwana 5 na aiki ba, sata kuwa awa 48, kuma bayan shekara 2 haƙƙin neman diyya ya faɗi. Ɗauki hotuna da waya kafin magini ya taɓa komai, ka ajiye takardun sayen kaya.

Wanda ya ga abin da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi wa gidaje a cikin garin nan, ya tambayi kamfaninsa tun yanzu ko ambaliya tana cikin abin da ya saya, domin kwangiloli da yawa gobara da yoyon tiyo kawai suka rufe. Masu gidaje wajen Gulbi su fi kowa yin wannan tambayar, kuma su nemi amsar a takarda, ba a baki ba.