Gargaɗi ga 'yan uwa: hattara da mai sayar da "hannun jarin gidan haya" a Yamai

'Yan uwa, musamman mutanenmu na Tawa da ke bida a Abijan da Libiya, ku karanta wannan ku tura wa na kusa da ku. Akwai wani mutum da ya buɗe zaure a WhatsApp yana cewa yana gina gidajen haya a unguwar Talladje ta Yamai, duk wanda ya zuba jika 500 zai riƙa karɓar jika 40 kowane wata. Ƙanena ya zuba, da kuɗin da ya tara na shekara biyu yana tura kura a unguwar Ajame ta Abijan. An biya shi wata biyu, ya yi murna, ya ranto wata jika 500 ya ƙara. Tun daga nan ko dala bai sake gani ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da mun ɗauki alƙalami minti biyar da ba a kai nan ba, domin da bakinsa mutumin ya ba da lissafin da ke tona shi. Ya ce ginin ɗaki da falo 6 ne, zai ci miliyan 24, shi ya sa yake neman mutum 48. To mu ɗauka kowane ɗaya an ba da shi haya jika 40, kuma ba wanda ya taɓa zama fanko. Shida sau 40, jika 240 ke nan a wata. A raba wa mutum 48, kowa jika 5 zai samu, ba 40 ba. Kafin ya cika alkawarinsa sai ya fitar da miliyan 1 da jika 920 duk wata, alhali gidan jika 240 yake kawowa. Sauran miliyan 1 da jika 680 daga ina? Daga aljihun sababbin shiga. Jika 80 ɗin da ƙanena ya karɓa, gumin wani bawan Allah ne da ya shigo bayansa.

Ko jika 5 ɗin ma ba ta tsira ba. Hayar shekara ita ce miliyan 2 da jika 880, wato kashi 12 cikin 100 na kuɗin ginin, kuma sai an haura shekara 8 kafin uwar kuɗi ta dawo. Wannan tun ba a cire komai ba. Duk wanda ya taɓa riƙe gidan haya ya san damina na zuwa da yoyo, akwai kwashe masai, akwai haraji, akwai ɗan hayar da zai tara bashin wata uku ya kwashe kayansa da dare. Shi kuwa wannan yana alkawarin jika 480 a shekara kan jika 500.

Ranar Asabar na hau babur na je wurin da kaina. Kango ne, bulo layi huɗu, ciyawa ta kai gwiwa, awaki na kwance a inda ya ce falo ne. Wani dattijo da ke zaune gindin dogonyaro ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ma takarda ka kawo?" Na ce, "Eh, Baba." Ya ce filin na marayu ne, ba a ko raba gadon ba, kuma ni ne na huɗu da ya zo da irin wannan takarda a cikin watan. Hotunan ginin da ake turawa a zauren kuwa, na wani gida ne dabam.

Takardar filin ma kwafi ce, sunan da ke kai ba na mai zauren ba ne. Da aka ce ya kawo ta asali a je ofishin magajin gari da na kadastar, wato ofishin rajistar filaye, a duba lambar filin, sai ya ce lauyansa ya yi tafiya, sannan ya cire mai tambayar daga zauren. Yanzu ya koma cewa wanda ya kawo mutum biyu za a fara biyansa. Don Allah kada ku jawo kowa.

Mu 7 mun kai ƙara wurin 'yan sanda. Wanda ya zuba kuɗi ya adana takardar shaidar turawa, ya ɗauki hoton saƙonnin tun ba a goge su ba, wanda ke waje kuma ya wakilta ɗan uwansa a Yamai ya kai tasa.