Sikelin SF-400 ga Mai Sharhin Abinci a Katsina

Mai ɗanɗana abinci don sha'awa, yana gaya wa jama'a inda ya dace su kai kuɗinsu, harshe kaɗai ba ya isar sa. Cewa tsiren Ƙofar Ƙaura ya fi na Ƙofar Marusa auki magana ce mai nauyi, sai da awo. Nan ƙaramin sikelin SF-400 yake da rana.

Batir biyu yake ci, masu girman AA, yana kuma nuna nauyi giram-giram. A ɗora faranti, a danna maɓallin TARE, awon ya koma sifili, sannan a zare naman daga tsinke a zuba, ban da albasa da yaji. Kafin nan a gwada shi da ruwan leda na 50cl: ya kamata ya nuna kusan giram 500.

Aibinsa, ba ya son tabarma ko tebur mai gurguwar ƙafa, lambobin sai su yi ta rawa. Iskar fanka ma haka. Man ƙuli na malalowa ƙarƙashin maɓallan, gara a sa shi cikin farar leda. Yakan kuma mutu da kansa in an ɗan jima.

Aikin akwai cin aljihu, don awo ɗaya ba hujja ba ce. Sai an saya sau uku, ranaku daban, da kuɗin kai, ba kyautar mai nama ba. Amma ranar da aka rubuta cewa awon wani bawan Allah ya cika duk ukun, layi zai ƙaru a gaban tukubarsa.