Wake ko nama: wanne ya fi gina jikin yara?

Yaya, salamu alaikum, da fatan an tashi lafiya, ya yara? Na ga tambayarki tun jiya da dare, cewa nama ya yi tsada a Garwa har kin koma dafa wake sau uku a mako, shi kuma maigida yana cewa wake cika ciki ne kawai da kumburi, nama ne ke gina jiki ya sa jini. Kika ce a faɗa miki gaskiya ko kina cutar yaranki. Kimiyyar halittu nake koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, kuma wannan darasin duk shekara sai na yi shi, don haka ga abin da na sani.

Da farko, jiki bai san nama ba, bai san wake ba. Furotin, wato sinadarin da muke cewa mai gina jiki, kamar jigida yake: dogon zare ne da aka shirya tsakiya a kai, tsakiyar kala 20, ana kiransu amino asid. Idan kika ci tsire ko ƙosai, ruwan tsamin tumbi da wani sinadari mai suna pepsin su ne ke fara tsinka zaren, a ƙaramin hanji a ƙarasa, tsakiyar ta warwatse ɗai-ɗai, jini ya kwashe ta zuwa hanta. Daga nan jiki ya sake shirya tasa jigidar yadda yake so: tsoka, gashi, fata, jan sinadarin jini, garkuwar da ke yaƙar cuta. Tsakiyar da ta fito daga saniya da wadda ta fito daga gonar wake, in dai kalarsu ɗaya, ba mai iya bambance su. A cikin kala 20 ɗin nan, jiki na iya ƙera 11 da kansa. Sauran 9 dole sai daga abinci. Duk gardamarku da maigida a kan waɗannan 9 take, ko da ba ku sani ba.

Nama, kifi, ƙwai da nono suna ɗauke da duka tarar, kuma a ma'auni kusa da wanda jikin mutum ke buƙata. Wake ma yana da duka tarar, kada wani ya ce miki babu, sai dai ɗaya mai suna metiyonin ta yi masa ƙaranci. Hatsi kuwa, gero da dawa da masara, metiyonin ɗinsu da dama-dama, abin da ya yi musu ƙaranci shi ne laisin. Wake kuma a cike yake da laisin. To kin ga abin da ya sa shinkafa da wake, ko kunun gero da ƙosai, ko tuwo da miyar wake, suka fi kowannensu shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayenmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma haka suka haɗa tukunyarsu.

Shi ya sa nake ganin tambayar "wake ko nama" ta ɗan kauce. Ba wanda ke wuni a kan zallan wake ko zallan nama. Abin da za a kwatanta shi ne tuwo da wake a gefe guda, tuwo da nama a ɗaya gefen. Bari mu yi lissafi da ke kanki.

Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta, a rahotonsu na 2007, sun ce baligi na buƙatar giram 0.83 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mace mai kilo 60 ke nan tana neman giram 50. Laisin kuma miligiram 30 a kan kowane kilo, wato 1,800 gare ta. A ce ta ci tuwon da aka tuƙa da giram 300 na garin dawa a wuni, irin muskuwarin da ake kawowa daga wajen Marwa. Za ta samu furotin kusan giram 30, wanda a ido ya haura rabin buƙata, amma laisin da ke ciki bai wuce miligiram 600 da 'yan kai ba, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Jiki kuma in ya zo shirya jigida ya tarar kala ɗaya ta ƙare, aiki tsayawa yake, sauran tsakiyar komai yawanta ba ta maye gurbin wadda babu. Yanzu ƙara mata giram 100 na busasshen wake: furotin kusan giram 24, laisin wajen 1,600. Ko kuma ƙara mata giram 100 na ɗanyar tsoka ba ƙashi ba kitse: furotin kusan giram 20, laisin wajen 1,700. Kin ga sun zo kafaɗa da kafaɗa. Ramin da tuwo ya bari, kowannensu yana cike shi.

Nama ya ɗan sha gaba wajen narkewa. A cikin furotin ɗin nama, kifi, ƙwai ko madara, kusan 95 cikin ɗari na shiga jini. Na wake kusan 80 ne, sauran ya bi bayan gida. Dawa ma tana da nata halin: furotin ɗinta ba ya narkewa sosai, kuma dahuwa cikin ruwa na ƙara masa tauri, gero ya fi ta sauƙi a nan. Saboda haka in an cire wannan asarar, mai wake tana bakin layi ne, ba ta da rarar da yawa. Amma ai ba tuwo da wake kaɗai ake ci ba. Akwai gyaɗa a miya, daddawar kalwa ko ta batso, zogale, ɗan ƙuli-ƙuli, nono in an dama fura. Su ke ƙarasa cikon.

Wannan lissafin kuma na takarda ne, ya ɗauka kowa na samun giram 100 na tsoka. Ni dai na san yadda kilon nama ke ƙarewa a gidan mutum goma. Mahauci ya auna miki da ƙashi da kitse da jijiya. A dafa, a tsame tsokoki masu kyau a sa a kwanon maigida, a ajiye na baƙo, manyan samari su ɗauki nasu. Ƙaramin yaro ya tashi da romo a kan tuwo da ƙashin da zai tsotsa yana murna. Romon nan daɗi gare shi, amma furotin ɗin yana cikin tsokar da ta tafi falo. Wake kuwa ba a tsame shi a ware wa wani, ludayi ɗaya ke raba wa kowa. In maigida na son a gwada, ya kai kuɗi jaka ɗaya wajen mahauci, ke ki kai jaka ɗaya wajen mai wake, a auna abin da kowa ya dawo da shi, a ninka da alƙaluman da na bayar a sama.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurina, kuma shi ne ɗalibai suka fi mamaki. Jiki na da rumbun kitse, yana da ɗan rumbun sukari a hanta da tsoka, amma ba shi da rumbun furotin. Kullum yana warware nasa na ciki yana sake shiryawa, wajen giram 250 zuwa 300 a rana a jikin baligi, mafi yawan tsakiyar ana sake amfani da ita, abinci na cike gurbin wadda ta zube. Wadda ta yi rara ba a adana ta. Hanta na ɓalle mata ɓangaren naitirojin, wanda ke zama amoniya, ita kuma guba ce, sai hanta ta mayar da ita yuriya, ƙoda ta tace ta fita a fitsari. Hans Krebs da Kurt Henseleit ne suka gano wannan zagayen a Jamus a 1932. Abin da ya saura na tsakiyar a ƙone shi a samu ƙarfi, ko ya koma sukari ko kitse. Ma'ana, naman da aka ci aka ƙoshi ranar Juma'a ba ya jiran yaro har Talata. Haka naman layya: kwana uku ana ci har a gaji, jiki ya ɗauki abin da zai iya, saura a ƙone shi ko ya koma kitse, naitirojin ɗinsa ya bi fitsari. Gwamma kaɗan kullum. Ta wannan fuskar, wakenki na sau uku a mako ya fi naman sau ɗaya amfani, kuma da za ki rarraba shi ya zama kullum akwai ɗan wani abu, ko ƙosai ne da safe, da ya fi. Ba lallai hatsi da wake su haɗu a kwano ɗaya ba, in an ci su a wuni ɗaya ya wadatar.

Wani abin da ke biye da wannan: in abinci bai ishi yaro ba, jikinsa ƙona furotin ɗin yake don neman ƙarfi, ko daga nama ya fito ko daga wake, ba ya kai ga gini. Saboda haka cokalin man gyaɗa a cikin abincin yaro yana kare furotin ɗin da ya ci.

Yanzu inda maigida ke da gaskiya, don yana da ita. Maganar "sa jini" ba ta furotin ba ce, ta ƙarfen jini ce, wato ayon, da bitamin B12. Ayon ɗin nama da hanta da kifi yana shiga jiki cikin sauƙi. Wake na da ayon, amma jiki kaɗan yake iya ɗauka, kuma in aka kora da shayi mai kauri irin namu, abin ya ƙara raguwa. Lemun tsami, tumatir, gwaiba ko mangwaro a kusa da cin waken suna taimakawa. B12 kuwa babu shi a wake, babu a gyaɗa, babu a hatsi, sai a abin da ya fito daga dabba. Nan wake ba shi da ta cewa.

Na biyu shi ne girman ciki. Busasshen wake giram 100 in ya dahu yana kumbura ya ninka fiye da biyu, kwano guda ke nan. Ke za ki cinye, ɗan shekara biyu ba zai iya ba. Buƙatarsa ba ta da yawa, wajen giram 13 a rana, amma tumbinsa ɗan mitsitsi ne, in aka cika shi da tsinkakken kunu ya ƙoshi da ruwa. Ƙwai ɗaya, wanda zai cinye a loma uku, na da giram 6, kusan rabin buƙatar. Saboda haka ga autanki da kika ce an yaye, da mai ciki, da mai shayarwa, ba zan ce wake kaɗai ya isa ba. Yaron da aka yaye shi ne ya fi shiga haɗarin tamowa. Nau'in nan mai kumbura ƙafa da canza launin gashi, likita Cicely Williams ce ta sa masa suna kwashiyoko a rubuce a 1935, daga harshen Ga na ƙasar Gana, kuma ma'anar kalmar na nuni ne ga ciwon yaron da aka ture daga nono saboda ƙani ya zo. In kika ga kumburin ƙafa biyu a jikin yaro, asibiti za a nufa ranar, ba gyaran miya ba.

Sai dai abin dabba ba sai naman mahauci ba. Muna bakin Binuwai, ga tafkin Lagdo kusa. Busasshen kifi, da yake ruwansa ya fita, fiye da rabin nauyinsa furotin ne, ya ninka ɗanyen nama kusan sau uku. Mahaifiyata ƙanana take saya, waɗanda masu kuɗi ke rainawa, ta ƙara shanya su a faifai, ta ɗan soya sama-sama ba mai, ta daka su da kai da ƙaya a turmi har su zama gari, ta tankaɗe ta zuba a gwangwanin madara. Kowane kwanon yaro cokali ɗaya, a kan faten wake ko cikin miyar kuka. Ƙayar da aka daka ma tana ƙara wa ƙashi ƙarfi. Kindirmo, ƙwan zabi da damina, fara in lokacinta ya yi, duk aiki ɗaya suke yi. Kilishi ma haka, sai dai kuɗinsa.

Kin ambaci awara. Waken soya ya fi namu furotin, kusan giram 36 a cikin 100, kuma ma'aunin amino asid ɗinsa ya fi kusa da na nama a cikin duk abin da ake shukawa a nan. Sharaɗinsa a dafa shi sosai, domin ɗanyensa na da wani sinadari da ke hana hanji narkar da furotin, zafi ne ke kashe shi. Gyaɗa tana da furotin kamar wake, amma laisin ɗinta bai kai nasa ba, saboda haka ba ta cike ramin tuwo yadda wake ke yi. Ki kuma tsince mai fumfuna da mai ɗaci ki zubar, gubarta hanta take ci. Ɗanwake kuwa, ki duba garin: wanda ake sayarwa yanzu sau da yawa rogo da fulawa sun fi yawa, sunan ne kawai na wake, shi kuma rogo kusan ba shi da furotin.

In akwai mai ciwon ƙoda a gidan, lissafin nan ba nasa ba ne, likita ne zai auna masa, tunda ƙodar ce ke fitar da yuriyar.

Kumburin cikin da maigida ke kuka da shi ba daga furotin yake ba. Wasu nau'o'in sukari ne a cikin waken da hanjinmu ba ya iya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar babban hanji su cinye su, su saki iska. Ki jiƙa waken tun dare, ki zubar da ruwan jiƙon, ki dafa da sabon ruwa har ya yi lugub. In kin surfa kin cire ɓawon, kamar na ƙosai da alala, ya fi sauƙi ga ƙananan yara. Kanwa tana sa ya nuna da wuri, ta rage cin itace, amma ɗan ƙanƙani za ki jefa, don yawanta na lalata bitamin B1 da ke cikin waken. Ki gaishe min da yaran, da shi mai gardamar.