Tsohuwar Twido ko sabuwar M221: amsa ga mai izin (masana'antar) ruwan leda

Alhaji, na ga tambayarku. Kun ce otomat ɗin, wato ƙaramar kwamfutar da ke tuƙa injin ɗura ruwan leda, Twido ta Schneider mai lamba TWDLCAA24DRF, ta fara ɗaukewa da rana tsaka, kuma masu gyara sun kasu biyu: wani ya ce a sayo irinta okaziyo (ta hannu) a Kano, wani ya ce a cire ta a sa M221.

Kafin komai, kuna da kwafin shirin da ke cikinta? Shi ne ya san daƙiƙa nawa baƙin ƙarfe zai danne leda, yaushe famfo zai buɗe, yaushe idon da ke karanta alamar leda zai tsayar da ja. Akwatin ana sayensa, shirin kuwa sau da yawa yana kan mutum ɗaya da ya bar gari. Na taɓa kwana huɗu a wani izin ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya don sake rubuta abin da minti goma za su isa a kwafe tun na'urar na da rai. Ku nemo mai manhajar TwidoSuite da igiyarta, wadda ba kowa ke da ita ba yanzu, ya zuƙe shirin tun yau. In an kulle shi, to ku sani duk hanyar da kuka bi sai an rubuta sabo.

Okaziyo tana da daɗinta. Wurin zama ɗaya, wayoyi ɗaya, a loda shirin, kafin la'asar inji na aiki. Ga mai sana'ar ruwa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40 a Damagaram, masu kura na layi a ƙofa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai Schneider ya daina sayar da Twido tun ƙarshen 2016, ke nan kowace kuka samu ta riga ta sha shekaru, ko da kuwa a kwalinta take. Abin da ke fara mutuwa a ciki su ne kondansatar ɓangaren wuta, ƙananan kayan da ke ajiye wuta, waɗanda ke bushewa da zafi. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Ita kanta Twido iyakarta digiri 55 ce, kuma akwatin ƙarfe a rufe ƙarƙashin kwano yana kai wa can cikin sauƙi. Ina zargin abin da ke damun taku ke nan, tunda da rana take ɗaukewa. Ga ƙaramin batirin cikinta, da ke riƙe agogo da lissafi kamar kwana 30 in babu kuran. Na tsohuwa ba ya kai haka.

M221 ita ce magajiyar da kamfanin ya tanada. TM221C24R tana da mashiga 14 da mafita 10, daidai da taku, kuma tana cin wuta daga volt 100 zuwa 240 kamar ita. Manhajarta, EcoStruxure Machine Expert Basic, kyauta ce, tana buɗe tsohon shirin Twido ta juya shi. Ba kullum juyin ke fita cif ba, sai teknisiyan ya zauna ya duba, musamman in akwai allon taɓawa da ke magana da otomat ɗin. Igiyarta USB ce ta gama-gari, ga katin SD da za a ajiye shirin a kai ku jefa a aljihu. Kuɗinta ya fi, kuma ku ware yini biyu inji na tsaye, saboda jeren sukurorinta ba ɗaya ba ne da na tsohuwar, kowace waya sai an sa mata lamba kafin a kwance.

Akwai abin da babu wadda za ta warkar. Kuran ɗinmu yana hawa yana sauka, kuma tun da Nijeriya ta katse layi a Agustan 2023 kowa ya koyi zama kan gurup, wato janareta. Lokacin juyawa daga wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, zuwa gurup ne na'urori ke shan duka. Ku sa mai daidaita wuta da mai kare tsawa a gabanta, ku sa fanka mai tace ƙura a jikin akwatin don hunturu. Sannan mafitar duka biyun rele ne, wato makunnin da ke buɗewa da rufewa, kuma yawan bugu na cinye shi. Injin da ke fitar da leda 2,000 a awa, in ya yi awa goma, rele ya buga sau 20,000 a yini. Ku bar ƙananan rele na waje masu cirewa su ɗauki wannan wahalar.

In ni ne, zan sayi okaziyo ɗaya in har an gwada ta a gabana, in ratsa bazara da ita. Damina na sauka, ciniki ya ja baya, in sa M221, in ajiye Twido ɗin da shirinta a ciki. Ku turo hoton cikin akwatin in ga ko akwai ƙarin modil a gefenta, domin modil ɗin ƙari masu lamba TM2 suna shiga jikin M221, ba sai kun sake sayensu ba.