Gargaɗi ga masu a-kori-kura: a kula da masu "gwaji kyauta" da ke sayar da fulogin jabu a ranakun kasuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi, da iyayen gidanmu masu motocin ɗaukar kaya, musamman ku da kuke bin kasuwannin mako irin su Gujungu ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, da masu kai hatsi Dawanau. Yanzu da kaka ta shigo, motoci ba sa hutawa, riɗi da shinkafa da zoɓo sai fita suke yi daga ƙauyuka. To wasu mutane ma kakarsu ta yi, kuma a kanku suke ci. Ni bakanike ne a ƙauye, garejina na bakin titi, kuma abin da zan faɗa na gan shi ne a jikin motocin da aka kawo mini bayan waɗannan mutane sun taɓa su.

Su biyu ne ko uku a ƙaramar mota, ba shago, ba rumfa, ba wanda ya san garinsu. Sukan faka kusa da inda ake lodi su kasa kunne. Da zarar sun ji tsohuwar mota tana karkarwa a sulo, ko salansarta tana wannan tut-tut ɗin da ba ya tafiya daidai, abin da muke kira misin, sai ɗaya ya matso da wata 'yar na'ura a hannu. "Oga direba, ai motarka misin take yi. Bari mu sa mata kwamfuta, ba sai ka ba da ko sisi ba." Direba ya san gaskiya ne motar ba ta jan kaya kamar da, kuma tana shan mai fiye da kima, sai ya buɗe bonet. Bayan ɗan latse-latse a nuna masa wasu lambobi a ce kwamfuta ta ce fulogi ne, duka huɗun sun mutu. Nan take ɗayan ya buɗe but ya ɗauko kwali mai sheƙi, wai fulogi ne mai bakin ƙarfen iridiyam ɗan Japan, in ka sa shi ka manta da fulogi shekara biyar. Kuɗin ya ninka na fulogin da ka saba saye, amma an ce maka zai rage shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ba maganar da ke shiga kunnen direba kamar wannan.

Abin da ke sa mutane yarda shi ne, da an ɗaura, motar takan ɗan gyaru. Ba abin mamaki ba ne. Fulogi mai tsabta, ko na jabu ne, zai ba da wuta na 'yan kwanaki a ramin da tsohon ya jiƙe da baƙin mai. Sannan suna goge fitilar gargaɗin da ke dashbod da na'urar tasu, a motar kabureta kuma su ɗan murɗa sukurun sulo injin ya ɗaga murya, karkarwar ta ɓoye. Kafin kasuwa ta zagayo ciwon ya dawo, su kuwa suna wata kasuwar.

Ina so ku fahimci abin da ake nufi da misin, don da wannan ne za ku kama maƙaryaci. Kowane rami na inji, wato silindar da fistin ke hawa da sauka a ciki, yana buƙatar abu uku kafin ya buga: fetur da iska daidai gwargwado, matsi mai ƙarfi daga fistin, da tartsatsin wuta a kan lokaci. In ɗaya ya kasa, ramin ya yi shiru, sauran ukun su riƙa jansa. Fulogi guntu ne kawai a cikin ɓangaren wuta. A bayansa akwai waya, akwai kwayil, a tsofaffin motoci akwai distributa da murfinta da rota. A ɓangaren mai akwai nozul da ya toshe, filta da ta cika da datti, famfon mai da ya gaji, da ruwan da ke shiga tanki daga jarkar 'yan bumburutu. Akwai robar iska da ta tsage tana zuƙo iskar da ba a lissafa da ita ba. A motar da ta ci ɗaruruwan dubban kilomita kuwa, wadda ita ce yawancinmu muke da ita, sau da yawa matsin ne ya tafi: ringi ya lashe, ko bawul ya ƙone, ko gaskit ɗin kan inji ya fara busawa.

Na'urar tasu ba ta iya cewa "fulogi". Abin da take nunawa a motar da ke da kwamfuta lamba ce. P0301 yana nufin rami na ɗaya yana misin, P0302 na biyu, haka har P0304, P0300 kuma yana nufin misin ɗin yana yawo tsakanin ramuka. Ta gaya maka inda ciwon yake, ba ta gaya maka dalili ba. Aikin bakanike daga nan yake farawa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda suke yi wa masu Peugeot 504 fikof da tsohuwar Hilux mai injin 22R na kabureta. Waɗannan ba su da kwamfutar da za a karanta, ba su da ma ramin da za a soka na'urar. Sai su maƙala waya biyu a kan batir, lamba 12 da ɗigo ta fito, su ce ga hujja. Ƙarfin batirinka kawai suka auna.

Gano ramin da ke misin ba ya buƙatar kuɗi. A motar da ke da wayoyin fulogi, a bar inji a sulo, a zare waya ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu, don wutar tana fizga sosai. In ka zare na rami mai lafiya, injin zai ƙara durƙushewa. In ka zare wanda ba abin da ya canza, ka samu mara lafiyan. A motar da kowane fulogi ke da kwayil ɗinsa a kai, irin Hilux mai injin 2TR, sai a musanya: a ɗauke kwayil ɗin rami na biyu a kai na uku. In misin ya bi shi, kwayil ne. In ya tsaya inda yake, a musanya fulogin ma a gani. In duk an musanya ciwon bai motsa ba, to ba wuta ba ce, a koma kan nozul ko a auna matsi. Gejin auna matsi ƙaramin abu ne, kanikawa da yawa suna da shi. Ramukan su fito kusa da juna. Wanda ya faɗi ƙasa sosai, a zuba masa baƙin mai kamar cokali ɗaya a sake aunawa: in ya tashi ringi ne, in bai tashi ba a duba bawul ko gaskit. Duk wannan ba ya wuce awa guda, kuma masu gwaji kyauta ba sa yin ko ɗaya daga ciki.

Sannan a kula da tsohon fulogin da aka cire, domin shi ne kamar katin asibitin injinka. Wanda bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka, a bushe, ramin lafiya yake. Wanda ya yi baƙi ƙirin da busasshen kunkunniya, mai ya yi wa iska yawa, a duba filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe, ko kabureta, ko nozul mai ɗiga. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana maiƙo, ringi ne ko robobin bawul, kuma ko fulogin zinare ka sa sai ya sake jiƙewa. Wanda ya yi fari fat da ɗan ƙuraje, zafi ya yi yawa, wannan kada a yi wasa da shi. In ɗaya ya fito wanke tas alhali 'yan uwansa suna da datti, kuma ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, a yi zargin gaskit. Shi ya sa abu na farko da mutanen nan ke yi shi ne su jefa tsofaffin a buhunsu kafin ka duba. Ba don tsabta ba ne. Su ne za a goge da buroshin ƙarfe, a wanke da fetur, a mayar a kwali a sayar wa na gaba. An kawo mini mota da "sababbin" fulogi huɗu waɗanda wankinsu, wato ɗan zoben ƙarfen da ke gindin zaren fulogi, ya riga ya matse ya baje, alamar an taɓa ɗaure su a wani injin.

Na jabun kansa, in ka nutsu za ka gane. Rubutun jikin farar tangaran ɗin yakan fito a dushe ko a karkace, wani ma da farce yake kankaruwa. Wankin da ke gindin zaren, a fulogin kirki yana juyawa amma ba ya zamewa ya faɗo, a na jabu sau da yawa kana kifawa zai fita. Zaren yakan yi kaushi. Na asali na NGK yana da lambar da aka buga a jikin ƙarfe mai kusurwa shida inda sifana ke kamawa. Bakin iridiyam na gaske siriri ne ƙwarai, milimita 0.6 a NGK, wasu na Denso ma 0.4, kuma zai iya kai kilomita 100,000 a injin da ba ya cin baƙin mai. Na jabu ƙarfe ne kawai aka fiƙe ya yi kama, zafi yana dukansa sai ya cinye, tazarar bakin fulogin ta buɗe, kwayil ya riƙa wahala har shi ma ya ƙone. In tangaran ɗin ya fashe ya faɗa cikin rami, sai a sauke kan inji. Ka sayi abu don rage shan mai, ka ƙare da sayen fistin.

Ko na asali ne ma, ba kowane fulogi ne na kowace mota ba. Akwai tsawon zare: in ya fi na injinka tsawo fistin zai iya dukansa, in ya gaza wutar ta ɓuya a cikin rami. Akwai lambar zafi, wadda a NGK da Denso in ta ƙaru fulogin ya fi sanyi, a Bosch kuma akasin haka ne. Akwai tazarar baki, yawancin motocinmu tsakanin milimita 0.8 ne zuwa 1.1. Su kuwa kwali ɗaya suke da shi, shi za su sa wa kowa. Kuma ra'ayina, Alhaji, in motarka tsohuwa ce tana ɗan hayaƙi, kada ka kashe kuɗi a iridiyam ko da na gaske ne. Sayi na talaka mai kyau daga shagon da ka sani, ka canza shi duk kilomita 20,000 zuwa 30,000, ragowar kuɗin ka tara wa ringi.

Ɓarnar da ba a gani nan take ita ce ta ɗauri. Mota ta taho daga nesa da zafinta, kan injin kuma a yawancin motocin nan alminiyam ne mai laushi. Fulogi ana cire shi ne inji ya huce, bayan an hure ƙasar da ta taru a bakin ramin don kada ta zube ciki. Sabon a fara murɗa shi da hannu har ya zauna, sannan a ƙara kamar rabin zagaye da sifana don wankin ya matse. Su sauri suke yi kada ka canza shawara, sai su kafa sifana tun daga farko su danna da ƙarfi. In zaren ya hau a karkace ba za ka sani ba sai ranar da fulogin ya yi tsalle ya fito a kan hanya, da kaya a baya.

Masu motocin gas, wato man dizal, irin su Canter da Hilux ɗin dizal, ku ma an fara taɓa ku. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi kwata-kwata, matsi ne ke kunna masa mai. Abin da yake da shi hita ne, aikinsa ɗumama rami da sanyin safiya kafin inji ya tashi. In mota ta yi zafi tana tafiya tana misin, ba ruwan hita, a duba nozul, filta, ko iska a layin mai. Duk wanda ya ce zai sayar maka da fulogi don motar gas ta daina misin a kan titi, ko bai san aiki ba ko ya san kai ba ka sani ba.

Ban ce a ƙyale misin ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin ramin, yana gangarawa ya tsinka baƙin mai, a sababbin motoci kuma yana ƙona indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, wanda kuɗinsa ba kaɗan ba ne. In fitilar inji tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, rage gudu, sauke kaya in da hali, ka nufi bakaniken da ka san gidansa.

Roƙona ga iyayen gida: ku gaya wa direbobinku da yaran mota kada a buɗe wa baƙo bonet a kasuwa, komai daɗin bakinsa, kuma duk wanda ya canza fulogi ya dawo muku da tsofaffin a jere, na ɗaya zuwa na huɗu. Shugabannin tasha da 'yan kamasho, ku ne kullum a wurin lodi, in kun ga irin mutanen nan ku tambaye su ina shagonsu, ku rubuta lambar motarsu. Wanda aka riga aka sayar masa, kada ya jira sai motar ta tsaya. Ya je a cire su inji na sanyi, a duba zaren kowane rami, a auna matsi, ya kuma ajiye kwalin da fulogin ya kai wa shugaban ƙungiyar direbobi ta tasharsu, don a samu abin nunawa in za a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar SON mai kula da ingancin kaya.