Abuja da Nairobi ko Ingila? Amsa ga ƙanwarmu kan ƙarin horon sa wa yara barci a tiyata

Salamu alaikum 'yan uwa. Dakta ƙanwata, na ga tambayarki, kin ce kin gama jarabawar ƙarshe ta ƙwarewa a sa barci a kwalejin likitoci ta Ijanikin a Legas, kina so ki ƙware a ɓangaren yara, kuma hankalinki ya rabu biyu, ko ki nemi feloshif, wato ƙarin horon ƙwarewa, na shekara ɗaya a nan Afirka irin na Abuja ko Nairobi, ko ki bi sahun abokan karatunki ki tafi Ingila. Kin kuma ce niyyarki bayan an gama ki bar Legas ki koma gida Arewa ki yi aiki. To wannan maganar ta ƙarshe ita na riƙe, don ita ce za ta raba gardamar.

Bari in fara da abin da ake zuwa koya ɗin, don wasu a nan gani suke in dai ka iya sa wa babba barci ai yaro rage magani kawai za ka yi. Ba haka ba ne wallahi. Jariri mai kilo 3 gaba ɗaya jinin jikinsa bai wuce mil 250 da 'yan kai ba, wato rabin ledar fiya wata, in ya zubar da mil 25 ko 30 a kan gado ya riga ya rasa kashi goma cikin ɗari, ke kuma ba ki ga komai a kwalbar zuƙa ba duk yana jikin auduga. Yana cin oksijin ninki biyu na babba in aka auna da nauyinsa, ga ajiyar huhun ƙarama, shi ya sa kina ƙoƙarin saka bututu sakan kaɗan sai ki ji ƙarar na'ura tana sauka, bugun zuciya ya bi bayanta. Ga sanyi, ɗakin tiyatar da likitan fiɗa yake jin daɗinsa shi ne yake kashe jariri a hankali. Ga lissafin magani da ake yi da nauyi, ɗigo ɗaya ya kauce a rubutu ya zama ninki goma. Wannan duk kin karanta kin ci jarabawa a kai, abin da feloshif yake ƙara miki shi ne hannu, ki yi ki sake yi har ranar da maƙogwaron yaro ya shaƙe bayan cire bututu jikinki ba zai yi rawa ba.

To wa zai ba ki hannun?

Na Nairobi shi ne tsoho a cikinsu, tun 2013 Jami'ar Nairobi ta fara shi da goyon bayan WFSA, ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya, shekara ɗaya ne, ana aiki a Asibitin Kenyatta da wasu asibitocin da suke haɗa kai da su, kuma likitoci daga ƙasashen Afirka da dama sun bi ta can sun koma gida. Daga baya aka kawo shirin PATA na horar da masu sa wa yara barci a Afirka, wanda WFSA da Smile Train, ƙungiyar da ke tallafa wa gyaran tsagaggen leɓe, suke cikin masu ɗaukar nauyinsa, aka buɗe a Asibitin Ƙasa na Abuja da Zambiya da Uganda. Abin da ya haɗa su shi ne yaran da za ki gani a can su ne yaran da za ki gani a Kano ko Katsina ko Gombe. Jaririn da aka haifa hanjinsa a waje aka naɗo shi a zani bayan kwana biyu a hanya, wanda aka haifa ba dubura, yaron da taifot ya huda wa hanji ya zo ciki a kumbure jiki ba ruwa, mai sikila da jininsa ya yi ƙasa, masu tsagaggen leɓe da ganda. Kuma za a koya miki da kayan da ke akwai, yadda za ki ɗumama jariri da auduga da leda in babu bargon lantarki, yadda za ki yi allurar kashe zafi ta ƙasan gadon baya don ki rage maganin da zai danne masa numfashi tunda kin san babu gadon kulawa ta musamman da yake jiransa, da abin da za ki yi in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki kafin janareta ya tashi.

Ingila kuma fa gaskiya akwai abin koyo, kar wani ya ce miki babu. Tsari ne a wurin, kowane yaro da na'urar auna iskar da yake fitarwa, maganin barcin da ake shaƙa sevoflurane ne na zamani ba tsohon halothane ba, akwai abin duba maƙogwaro mai kyamara, akwai na'urar hoto a gefenki don neman jijiya ko yin allurar kashe zafi, ga mataimaki horarre da aikinsa kawai ya tsaya kusa da ke ya miƙo miki abin da kike so tun kafin ki tambaya. Za ki ga yadda ake bitar kuskure a zauna a tattauna ba tare da an ci mutuncin kowa ba, za ki ga tiyatar zuciya da ta ƙwaƙwalwa ta jarirai da ba kullum ake yinsu a nan ba. Wanda ya ga yadda abu yake in an yi shi daidai ya san abin da zai nema wa asibitinsa in ya dawo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ga inda mutane suke faɗawa, kuma nan nake so ki buɗe ido sosai. Hanyar da wasu namu suka bi ita ce MTI, shirin horar da likitocin ƙasashen waje wanda bai wuce wata 24 ba, kuma kafin ki yi aiki a can sai kin yi rajista da GMC, hukumar likitocin Ingila, sai kin ci jarabawar Turanci, IELTS da maki 7.5 ko OET da B. Duk wannan mai yiwuwa ne. Matsalar ita ce samun gurbi a Ingila daban, samun gurbi a asibitin yara daban. Su can sun tattara manyan ayyukan jarirai a asibitoci ƙalilan irin su Great Ormond Street a Landan da Alder Hey a Libaful da na Bamingam, sauran asibitocin gari abin da suke yi wa yara bai wuce cire haƙori da 'yar wuya da ƙananan ayyuka ga yara masu lafiya ba, jariri kuwa tura shi ake yi. Sai mutum ya yi shekara biyu cur yana kwanan aiki a ɗakin haihuwa da sashen kulawa ta musamman na manya, ya dawo da takarda mai kyau da 'yan fam a aljihu amma bai taɓa sa wa ɗan kwana uku barci shi kaɗai ba. Ko a manyan asibitocin ma gurbin gasa ake yi da 'yan ƙasa da masu zuwa daga ko'ina, kuma da farko kallo zai fi yawa. Saboda haka in Ingila ce, kar ki sa hannu sai kin ga an rubuta sunan asibitin da adadin watannin da za ki yi a ɓangaren yara, ki kuma nemi wanda ya riƙe gurbin kafin ke ki tambaye shi jarirai nawa ya yi.

Amurka ban ma sa ta a lissafi ba, feloshif ɗinsu na yara shekara ɗaya ne amma yawanci sai kin ci USMLE, jarabawar lasisin likitocinsu, kin sake horon shekara huɗu daga farko. Kef Tawun a Afirka ta Kudu akwai asibitin yara na Red Cross da aka buɗe tun 1956, wuri ne mai kyau ƙwarai kuma yana tsakanin biyun, kayan aiki na zamani da cututtuka irin namu, sai dai rajista da hukumarsu ta HPCSA tana cin lokaci kuma sai kin nemo mai ɗaukar nauyinki.

Maganar kuɗi da iyali, nan Ingila ta fi ta fuska ɗaya, albashi za a biya ki da fam, duk da haya da kuɗin renon yara suna cinye kaso mai yawa, ga sanyi ga kaɗaici. Na Afirka ba albashi ba ne, tallafi ne in an samu, mafi yawa sai ki haɗa da hutun karatu daga asibitinki. Abuja ba biza, lasisinki na MDCN, hukumar likitocin Najeriya, ya wadatar, Maigida da yara in suna nan Agege ko Idi-Araba jirgin awa ɗaya ne. Nairobi sai rajista da hukumar likitocinsu, kuma iyayen yara Swahili za su yi miki.

Wannan na harshe kar ki raina shi. Nan Legas na sha gani, an ce wa uwa kar yaro ya ci komai awa 6, nono awa 4, an sa shi a jerin safe amma aiki bai fara ba har azahar, yaro yana ta tsala kuka, ta zaga bayan ɗaki ta ba shi nono ko ɗan kunu, wace uwa ce za ta iya jurewa. Nas ta tambaye ta da faɗa ta ce bai ci komai ba don tana tsoron a fasa aikin bayan sun sayar da abin da suka sayar sun biya. In kika durƙusa kusa da ita kika ce Maman yaro sannu da haƙuri, na san ya wahalar da ke, gaya min tsakani da Allah yaushe ya sha na ƙarshe, ba fasawa za mu yi ba jinkirtawa kawai za mu yi don kar ya yi amai ya shiga huhunsa, wallahi za ta gaya miki. Wannan tambayar tana ceton rai, kuma a asibitin da iyayen suke irin namu ake goge ta.

Kuma ki tuna halin da ake ciki. WFSA ta ce a ƙalla a samu likitan sa barci 5 ga kowane mutum 100,000, mu a Najeriya ko ɗaya ba mu kai ba, masu ƙwarewa a yara kuwa 'yan tsiraru ne kuma yawancinsu suna manyan birane. Binciken ASOS-Paeds da ya fito a mujallar Lancet a 2024, wanda aka yi a ƙasashen Afirka 31, ya nuna yara sama da 2 cikin 100 suna rasuwa bayan tiyata, kusan ninki 11 na ƙasashe masu arziki. In kin koma gida ba ke kaɗai za ki riƙa sa barcin ba, nas-nas masu sa barci su ne suke riƙe da yawancin asibitocin jiha, ke za ki zama malamarsu, ke za a kira da tsakar dare daga wani gari a ce yaro ya ƙi farfaɗowa. Shirye-shiryen Afirka da wannan tunanin aka gina su, ana koya miki ki koyar. Ga kuma asibitin yara masu cutar noma, mai cin naman baki da fuska, a Sakkwato, yaran da muƙamuƙinsu ya manne baki ba ya buɗuwa, in kin samu dama ki je ki ga yadda ake saka musu bututu, darasi ne babba.

Ni dai ra'ayina, tunda gida za ki koma, ki fara da Abuja ko Nairobi, ki samu hannu a kan yaranmu, ki dawo ki yi aiki shekara biyu ko uku har ki san takamaiman abin da ya gagare ki, sannan ki nemi wata shida ko shekara a babban asibitin yara na waje don wannan abin kaɗai, ko zuciya ne ko kulawa ta musamman ta yara. A lokacin takardarki ta yi nauyi, asibitin yara ne zai ɗauke ki kai tsaye. Wanda kuma niyyarsa zama a can ne to lissafinsa daban, ya bi hanyar GMC da jarabawar FRCA ta likitocin sa barci na Ingila tun yanzu, ba laifi ba ne kowa da uzurinsa.

Kafin nan akwai abin da za ki fara gobe. Ki roƙi shugaban sashenku ya riƙa sa ki a jerin tiyatar yara kowane mako, ki buɗe littafi kina rubuta kowane yaro, shekarunsa da nauyinsa da aikin da aka yi da matsalar da aka samu, don duk inda za ki nema sai sun tambayi wannan. In an sanar da kwas ɗin SAFE na koyar da sa wa yara barci lafiya, na kwana uku ne, ki yi rajista, yawancin masu koyarwa a ciki su ne mutanen da za su rubuta miki takardar shaida. Takardar hutun karatu kuma ki shigar da ita da wuri ki karanta sharaɗin shekarun da za ki yi musu aiki bayan kin dawo, tunda kina da niyyar barin Legas gara ki san wannan kafin ki sa hannu. Allah Ya yi jagora, ki gaida Maigida da yara.