Kafson garin zogale: abin da na gani bayan wata uku

Wata uku ke nan ina shan kafson garin zogale da na saya a wani kantin magani a Kano, bayan da mai kantin ya yi ta koɗa shi, yana cewa yana ƙara jini, yana rage sukari, har ma yana jinkirta tsufa. Kwalbar tana ɗauke da kafso 60, kowanne miligiram 500, kuma an rubuta a jikinta cewa a sha biyu kullum bayan cin abinci.

Wajen tsabta ban ga abin kushewa ba. Murfin a liƙe yake, ranar lalacewa a bayyane take, akwai kuma lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya. Da na ɓare guda ɗaya na zazzage a tafin hannu, na tarar da gari kore shar mai ƙamshin ɗanyen ganye, alamar an shanya shi a inuwa, domin ganyen da rana ta doka yakan koɗe, kuma wani kaso na bitamin ɗinsa yakan salwanta. Bai taɓa ɓata mini ciki ba.

Inda na tsaya na yi nazari shi ne yawan abin da ake sha. Kafso biyu giram ɗaya ke nan, wanda bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Gaskiya ne busasshen ganyen zogale yana da sinadarin ƙarfe da na gina ƙashi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, amma rubu'in giram ɗaya ba abin da zai tsinana wa magidanci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum, alhali duk abin da na haɗiya cikin wata ukun nan giram 90 ne. Kwanon kwaɗon zogale guda, wanda ake samu da ɗan canji a bakin kasuwa, ya ninka abin da ke cikin kafso biyu sau da yawa. Ban da haka, man da ke cikin ƙuli-ƙuli yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin da ke zama bitamin A, tumatir da lemon tsami kuma suna taimakawa wajen ɗaukar sinadarin ƙarfe. Iyayenmu mata sun daɗe da gano wannan haɗi, kafso kuwa shi kaɗai yake shiga ciki.

Maganar tsawon rai ita ta fi damuna, saboda da ita ake jan hankalin dattawa. Lambar NAFDAC a kan maganin ganye ba shaida ba ce cewa duk abin da mai sayarwa ya faɗa ya tabbata. Ko ƙwayoyin bitamin na zamani ba su nuna wannan fa'ida ba: wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2024, wanda ya bibiyi manya masu lafiya kimanin 390,000 fiye da shekara 20, bai sami raguwar mutuwa a tsakanin masu shan su kullum ba. Abin da hujja ta tsaya masa da ƙarfi shi ne motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako da rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana. Ni kaina sai a wata na biyu, da na fara tattakin rabin awa bayan sallar asuba, na ji numfashina ya daina sarƙewa idan na hau bene, saboda haka ba zan jingina wannan sauƙin ga kafson ba.

Wanda yake ƙasar da ba a samun zogale zai iya saye, kuma ba zai cutu ba. Ni dai ba zan sayi kwalba ta huɗu ba, tunda akwai bishiyar a tsakar gidanmu. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuwa, ina roƙonsa don Allah kada ya ajiye maganin asibiti saboda wannan kafso, kuma ya sanar da likitansa kafin ya haɗa su, domin zogale yana iya ƙara saukar da sukarin wanda ke kan magani.